Gonakin Arewacin Kano a Gaban Kyamara

Ka ce da mutum ya nuna maka tsohon hoton Kano, da wuya ya wuce abu huɗu: dalar gyaɗa, marinar Ƙofar Mata, Dutsen Dala, sai Sarki bisa doki ranar hawan Sallah. Ni mutumin karkara ne, daga ƙauyukan da ke tsakanin Minjibir da Gezawa, don haka dalar gyaɗar ce ta fi tsaya mini a rai. Kowace dala takan ci buhu kamar 15,000. Ga buhuna sun hau kan juna har sun yi tsini, ga 'yan dako kowa da buhu a ka, wani lokaci ga Bature a gefe ya riƙe ƙugu. Wanda ya shuka gyaɗar ba ya ciki. Matan da suka ɓare ta ba sa ciki, haka jakin da ya kai ta bakin sikeli. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a kakar 1912, gonaki irin namu ne suka yi ta cika waɗannan buhuna har shekara sittin, amma wurin ajiyar kaɗai duniya ta riƙe a hoto.

Ƙasar da nake nufi ita ce wadda ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa, ta bi ta Bichi, Minjibir, Gezawa da Gabasawa, har ta dangana da Dambatta da Makoɗa. A nan gona tana jingine da gona. Daji sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an noma ta, taki ne ke riƙe da ita. A tsakiyar gonakin ga gawo, ɗorawa, tsamiya, kuka da kanya, kowace bishiya da mai ita. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta a farkon 1851, ya taho daga Katsina ta Bichi, ya kuma yabi kyanta da yawan jama'arta a rubuce. Ba shi da kyamara, zane yake yi da hannu. Zanen Kano da ya fi shahara a littafinsa kuwa na birni ne, daga kan Dala. Waɗanda suka biyo bayansa haka suka ci gaba: a ratsa karkara da sauri, sai an shiga ganuwa a buɗe jaka a fito da kayan aiki.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kyamara ta shigo tare da su. Akwai ta jami'an mulki, akwai ta matafiya irin su ɗan jaridar nan E. D. Morel, wanda ya zaga ƙasar ya buga littafi mai hotuna kan Nijeriya a 1911. Da yawa daga kayan zamanin masu nauyi ne, sai an kafa musu ƙafa uku, sai wanda za a ɗauka ya tsaya cik. Mai hoton kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, da dogari, da tafinta, da wakilin hakimi. In aka ce da talaka ya tsaya, tsayawa zai yi. Shi ya sa fuskokin cikin waɗannan hotuna suke a ɗaure, kuma in ka duba rubutun ƙasan hoton ba za ka ga sunan kowa ba, sai dai a ce manomi Bahaushe, ko Bafillatana mai tallan nono. Sarakuna ne kaɗai ke da suna.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba, wato lokacin da ake ɗaukar hotunan. Bature da rani yake tafiya, sa'ad da hanya ta bushe, rafuka suka janye, sauro ya ragu. Da rani kuwa gonar Kano fili ce fetal. An girbe, an kwashe kara an kai gida, an ɗaure harawa an ɗora a kan reshe ko a kan soro, abin da ya saura dabbobi sun lashe. Wanda bai san ƙasar ba, in ya ga rairayi fari fat iyakar ganinsa, cewa zai yi hamada ce ke tafe. Haka ta faru da wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, wanda ya zaga arewacin Nijeriya da rani a 1934, ya koma gida ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu. Sai da aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, ya bi kan iyaka a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga wannan hamada mai tafiya ba. Amma magana ta riga ta fita, har yau ba ta koma ba. Da Stebbing ya dawo gonakin nan a watan Agusta, da gero ya rufe shi har hula.

A shekarar 1925 abu biyu suka faru waɗanda suka sake wa ɗaukar hoto fasali. A Jamus aka fara sayar da Leica, ƙaramar kyamara mai shiga aljihun kwat, wadda fim ɗinta ke ɗaukar hoto 36 ba tare da an buɗe ta ba. A Kano kuma, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka daga Masar, a tafiya ta farko da jirgin sama ya yi zuwa ƙasar Nijeriya. Shekara biyar bayan haka wani matuƙi ɗan Suwizaland, Walter Mittelholzer, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi, tsakanin 1930 da 1931, ya ɗauki garin daga sama ya kuma sauko ya ɗauki mutanensa. Hotunan suna ɗakin karatu na jami'ar fasaha ta Zurik, an sa su a intanet, kowa na iya gani.

Ƙaramar kyamarar ce ta haifi abin da yau ake koya wa matasa da sunan hoton titi. Babban malamin wannan hanya shi ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda littafinsa na 1952 ya zama abin koyi. Dabararsa ita ce ka ɓace a cikin jama'a. Kyamara ɗaya, gilashi ɗaya mai milimita 50, ya naɗe wuraren da ke ƙyalli da baƙin salatif don kar ido ya kai gare su, ba ya kunna filasha, ba ya ce wa kowa ya gyara tsayuwa. Jira yake yi har mutum da inuwa da bango su daidaita na ƙiftawar ido, ya danna, ya wuce. Baƙin da suka zo Kano da ƙananan kyamarori sun samo hotuna masu kyau. E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria, ya bar tarin hotuna da yanzu suke jami'ar Northwestern a Amurka. Eliot Elisofon ya zo wa mujallar Life a 1959, nasa suna gidan tarihin Smithsonian. Kasuwa, marina, fada, masallaci, duk sun samu.

Ban raina wannan hanya ba, na ƙaru da ita. Sai dai an gina ta ne a birnin da ba wanda ya san wani. A ƙauyenmu kafin baƙo ya kafe babur ɗinsa labari ya isa wurin mai unguwa, an san launin rigarsa, an fara tambayar gidan wa ya zo. Yara sun kewaye shi, kowa yana “mai hoto, ɗauke ni!” Ba inda za ka ɓace. Wanda ya ɗaga kyamara bai yi sallama ba, ba a ce masa gwani, cewa ake ba shi da tarbiyya, kuma da gaskiyar masu faɗa. Abin da ke aiki a nan kishiyar ɓoyewa ne. Ka fara da gaisuwa, ka zauna a zaure, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da za ka yi da hoton. Ka ɗauki yaran su huta. Sannan ka zauna har a gaji da kai, har mai huɗa ya koma kan kunyarsa ya manta kana nan. A lokacin ne aiki ke farawa, kuma sau da yawa ba a ranar farko ba ne.

Kasuwa ce kaɗai ke ba da wani abu mai kama da titin birni. A Dambatta ranar Lahadi, ko a Larabar Abasawa, cinkoso yakan rufa maka asiri. Ko a can ma ni ban ga amfanin yawo da kyamara ana farautar fuskoki ba. Gara ka nemi izinin mai rumfa guda, ka zauna a inuwarsa inda haske ke shigowa ta gefe, ka bar kasuwar ta riƙa wucewa ta gabanka. Rana tsaka abokiyar gaba ce, malfa takan jefa wa fuska inuwa baƙa ƙirin, farar riga kuma ta ruɗi ma'aunin hasken kyamara har fuskar mutum ta dushe. Hantsi da bayan la'asar su ne lokaci. Hazon hunturu yana ba da haske mai laushi da babu kamarsa, sai dai ƙurarsa ta kashe kyamarori da yawa a ƙasar nan.

Ko ka iya duk wannan, rabin aikin garin ba za ka gan shi ba. A karkarar Kano matan aure suna kulle, kuma a cikin gida ake matsar man gyaɗa, a soya ƙuliƙuli, a dafa daddawa, a kirɓa fura, a yi kiwon awaki da tumakin da takinsu ke komawa gona. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya ta yi bincike a Dorayi kusa da Kano a farkon shekarun 1970, ta yi rubutu kan girman wannan ciniki na bayan katanga. Mai hoton titi yarinya mai talla zai samu, da faranti a ka. Uwar da ta haɗa jarin, ta san ribar kowane kwano, tana bayan zaure, kuma namiji baƙo iyakarsa zaure.

Duk wannan labarin baƙi ne. Mu kuma muna da namu mai hoton, shi ne ya fi kowa yawan ɗaukar fuskokin ƙasar nan, kuma shi ne ba a rubuta tarihinsa ba.

Na farkonsu mai akwatin katako ne. Dattawanmu a birni suka san shi, lokacin da fasfo na aikin Hajji ko lasin tuƙi ya tilasta musu. Akwati ne bisa ƙafa uku, da hannun riga baƙi a jikinsa. Za a zaunar da kai gaban ƙyalle, mai hoton ya cire murfin gilashi ya ƙirga a ransa ya mayar, sannan ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a wasu ƙananan kwanoni da ke ciki. Abin da zai fara fitowa juyayye ne, fuska fara, riga baƙa. Sai ya kafa wannan a gaban gilashin ya sake ɗauka, ya ɗauraye a bokiti, ya miƙa maka da danshinsa. Da yawa daga masu sana'ar a farko Yarabawa ne, masu shaguna a Sabon Gari, kamar yadda suka yi fice da ita a garuruwa da dama na Afirka ta Yamma. Ba kowa ya yi maraba da abin ba. Malamai sun yi ta muhawara kan halaccin hoto, kuma kakana bai yarda ya zauna gaban akwatin ba sai da kujerar Makka ta samu. Abin mamaki, a ɗakin nasa akwai hoton Shehu Ibrahim Inyas a rataye. A zauren maƙwabcinsa kuma hoton Malam Aminu Kano ne, tun zamanin NEPU. Ina jin waɗannan hotuna na shehunnai da 'yan siyasa sun fi kowace hujja sassauta zukatan mutanen karkara.

Wanda ni na tasa na tarar, a shekarun 1980, Bahaushe ne ɗan yankinmu, mai keke da kyamarar Yashica a wuya. Yana bin kasuwanni, da Sallah, da suna, da biki, da saukar Alƙur'ani. Bai taɓa jin sunan Cartier-Bresson ba, amma yana da ƙa'idojinsa, kuma masu tsauri ne. Ba ya tsayar da mutum a rana. Inuwar katanga yake nema, inda fuska za ta kalli sarari, ya rataya zane ko darduma a baya, ya shimfiɗa leda a ƙasa. Yakan rusuna har kyamara ta zo daidai cikin mutum, don a samu jiki duka daga hula har takalmi, domin hoton da ya yanke ƙafa ba a biyan kuɗinsa. Ido biyu su fito. Hannuwa a kan gwiwa, yatsu a baje, agogo ya leƙo daga hannun riga. A jakarsa akwai tabarau da furen roba na aro. Saurayi ya jingina da keke ko ya rungumi rikoda, amarya ta zauna gaban jerenta na kwalla da samira, ɗalibi ya riƙe allon zayyana a ƙirji. Za ka ba da kafin alƙalami, sannan ka jira fim ya cika 36, a kai birni a wanke, a dawo da kati ranar kasuwa ta gaba ko ta gaban ta. Wani lokaci a ce maka fim ya ƙone, sai haƙuri.

Masu ilimin hoto sukan ce irin wannan ba hoton gaskiya ba ne, tun da an shirya shi. Ni ban yarda ba. Mutumin da dogari ya tsayar gaban Bature bai zaɓi komai ba. Wanda aka ɗauka a sace a kasuwa bai ma sani ba. Wannan kuwa ya yi wanka, ya zaɓi rigarsa, ya biya da kuɗin gyaɗarsa, ya ce ga yadda nake so jikokina su gan ni. Wace shaida ta fi wannan? Daga irin waɗannan katuna za ka san shekarar da shadda ta kori saƙi, da lokacin da kwanon rufi ya hau kan ɗakunan ƙauye, da wanda ya je cirani Ikko ya aiko da hotonsa gaban zanen dogayen benaye. Aikin Seydou Keïta na Bamako irin wannan ne, gyara tsayuwa gaban zane, kuma a 2016 an baje shi a babban zauren nune-nune na Grand Palais a Faris. Bambancin shi ne Keïta ya adana nagatif ɗinsa. Namu mai hoton yakan bar su a buhu, gara da zafi da damina suka raba.

Inda aikinsa ya gaza wuri ɗaya ne, kuma ba laifinsa ba ne. Wa zai biya kuɗi a ɗauke shi da tsumman noma, da zufa, da taɓo har gwiwa? Shi ya sa a albam ɗin gidajenmu ba za ka ga sassabe ba, ba za ka ga ranar gayya ba, ba za ka ga jerin jakuna sun shiga birni da itace sun fito da mangalar taki ba, abin da aka yi shekara da shekaru ana yi a kan kowace hanya da ta nufi ƙofofin Kano.

Masu hoton jarida sun iso gonakin da gaske ne lokacin da abin ya ɓaci. Damina ta gaza a 1972, ta sake gazawa a 1973, kuma ƙasar Dambatta tana cikin inda abin ya fi tsanani. Jaridu irin su New Nigerian da Daily Times suka cika da labarin fari. Hoton fari kuwa a ko'ina kusan iri ɗaya ne: mushen saniya, ƙasa ta tsage, layin masu karɓar tsaba. Ba ƙarya ba ne, an yi hakan, kuma irin waɗannan hotuna suna sa taimako ya zo. Amma baƙo raɓa ne. Ba ya nan lokacin da magidanci ya sayar da akuya ya sayi kwanon dawa, ya tura ɗansa cirani, ya koma saƙar tabarma ko igiya, aka ci tafasa da rama har sabon gero ya nuna. Ba ya nan lokacin da aka sake shuka. Masu hoton gwamnati kuma suna bayan Gwamna Audu Baƙo, suna ɗaukar madatsun ruwa, Tiga da Bagauda da sauransu.

A Amurka an taɓa gwada wata hanya. Daga 1935 gwamnati ta ɗauki masu hoto aiki musamman don su bi manoman da fari da karayar arziki suka kassara, suka tara nagatif kusan 175,000 da ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar ƙasar. Ko a can, hoton da ya fi shahara, wanda Dorothea Lange ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta a Kalifoniya a 1936, ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba.

Hotunan da suka fi yi wa manomin Kano adalci ba wanda zai rataya su a ɗaki. Jirgin safiyo ne ya ɗauke su, yana tafiya a miƙe bisa layi, kyamara na kallon ƙasa tsaye, kowane hoto ya hau kan na bayansa da fiye da rabi. In ka jera biyu ka duba ta wani tabarau na musamman, sai ƙasar ta taso, ka ga tsawon bishiya da zurfin kwari. Ba fasaha, ba jiran ƙiftawar ido. Amfaninsu ɗaya ne: an ɗauki wuri guda, an dawo bayan shekaru an sake ɗaukarsa.

Wanda ya fi kowa cin moriyarsu a nan shi ne Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa da ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979. Tun 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka buga bincike kan ƙasa da jama'a a wannan yanki mai cinkoson gonaki. A 1984 wani littafi kan matsalar makamashi ya bazu a duniya, yana cewa an kusa ƙare bishiyoyin gonakin da ke cikin kilomita 40 daga Kano saboda itacen girki. Mortimore da abokansa na Bayero, cikinsu har da Reginald Cline-Cole, J. A. Falola da Janet Nichol, suka ɗauko hotunan sama na 1972 da na 1981, suka ƙirga bishiya ɗaya bayan ɗaya, suka kuma shiga gonakin da ƙafa suka auna. Abin da suka buga a 1990 ya saɓa wa waccan magana. Bishiyoyin gona ba su ragu ba duk da farin da ya ratsa tsakani, kuma gonakin da suka fi kusa da birni sun fi na nesa yawan bishiya. Itacen da birni ke ƙonawa, mafi yawansa manyan motoci ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa. Kowane manomi a garinmu zai iya gaya musu dalili: ba a sare bishiyar gona daga tushe, sassabe reshe ake yi, domin kalwa kuɗi ce, kuka miya ce, gawo kuma yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye ya ciyar da awaki. Amma ba a jin manomi a taron ƙasa da ƙasa. Hoto biyu a jere aka ji.

A Tumbau, arewa maso gabas da Kano, an gwada hotunan 1950 da na shekarun da suka biyo baya. Tun 1950 fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar gona ce, jama'a suka ƙaru har suka haura mutum 200 a kowace murabba'in kilomita, ƙasar kuma ba ta mutu ba. A 2018 Muhammad Usman da Janet Nichol suka haɗa tsofaffin hotuna da na tauraron ɗan'adam na yanzu, suka ga bishiyoyin gonakin Kano ƙaruwa ma suka yi sosai, sai dai darbejiya ce ke yaɗuwa, itatuwan gargajiya irin su ɗorawa suna ja da baya. A ƙetaren iyaka, a ƙasashen Maraɗi da Damagaram, gwada hotunan 1975 da na bayan 2000 ne ya nuna wa duniya cewa manoma sun rayar da bishiyoyi a kan miliyoyin kadada ba tare da an dasa musu ba.

Daga nan na ɗauki tawa hanyar, ba don ina da jirgi ba. Akwai gindin wata kuka a gabas da garinmu inda nake tsayawa, in juya wa kukar baya, in sa wata tsamiya a gefen hagu na hoton, in ɗauka da shuka, da maimai, da kaka, da tsakiyar rani. Kowane hoto shi kaɗai ba abin kallo ba ne. In aka jera su sai ka ga gandu ɗaya ya rabu uku bayan rasuwar mai shi, ka ga garmar shanu ta shigo, ka ga buhun takin zamani ya bayyana a wata shekara ya ɓace a wata, ka ga turken wuta, ka ga bulo na farko. A bayan kowane kati ina rubuta rana da sunan mai gonar da sunan duk wanda ya fito a ciki, in kuma kai masa nasa. Jirgi ba ya iya wannan. Daga sama ba a ganin wa ya jinginar da gonarsa, ko ɗorawar can ta wata gwauruwa ce da ta gada.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta zo da kyamara a jikinta, ta kashe kasuwar mai keke da Yashica. Rajistar zaɓe, ta banki da ta katin ɗan ƙasa sun sa kusan kowane baligi ya zauna gaban kyamara, har matan kulle. Arewa ta kuma samu nata ƙwararru. Sani Maikatanga a Kano ya daɗe yana wannan aiki, Fati Abubakar kuma tun 2015 take nuna rayuwar yau da kullum ta Maiduguri, don kar a san garinta da bama-bamai kaɗai. 'Yan mata a ƙauyukanmu yanzu suna ɗaukar abin da ba wani Elisofon da ya taɓa gani: iya tana tuyar ƙuli, kishiyoyi suna sussuka, ranar jere. Sai dai ba a wanke su a kati. Waya ta faɗa rijiya ko memori ya lalace, shekara biyar ta tafi. Wanda kuma ya sa hoton matar wani a Facebook ba izini ya san abin da zai biyo baya. Abin da aka adana ɗin ma ba a hannunmu yake ba: tsofaffin hotunan sama da hukumar safiyo ta Ingila ta ɗauka a ƙasashen da ta mallaka, har da Nijeriya, suna Edinbara a ajiye. Gonakin Ungogo da na hanyar Dawanau kuwa ana ta yanka su fuloti.

A 'yan shekarun nan wani amfani ya fito wa tsofaffin katuna wanda mai ɗaukarsu bai taɓa zato ba. An yi jayayya a wani ƙauye kusa da mu kan inda burtali ya bi, Fulani na cewa ta gabas da kuka, masu gona na cewa ba a taɓa yin hanya a nan ba. Dagaci ya aiko a kira ni.

“Malam, an ce kana tara hotunan da. Ko akwai na bayan gari?”

“Ranka ya daɗe, na bayan gari babu. Amma akwai na samari da Sallah, a can suka tsaya.”

Katin na shekarun 1980 ne, samari uku da keke ɗaya, kowa da tabarau. A bayansu, ta saman kafaɗar na tsakiya, ga kukar, ga shinge biyu na burtalin sun miƙe ta gabas da ita, har da saniya a ciki. Ɗaya daga cikin samarin yana zaune a wurin, gemu ya yi fari, shi ne ma ya fi kowa musu. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya ce keken na wansa ne. Dagaci ya yanke cewa burtali ta gabas yake. Rabinsa dai an riga an sayar, an kuma yi gini a kai, don haka abin da aka iya buɗewa shi ne daga kukar zuwa bakin rafi.